Masu kiwon tarwada a gida: a tace ruwan tanki a maimaita shi, a daina tura shi kwata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana da 'yan'uwana masu kiwon tarwada a cikin gidaje, waɗanda yanzu da wuya ka shiga unguwa a Kano ko Zariya ko Bauchi ba ka tarar da su ba, wani da tankin siminti, wani da tamfol, wani da farin tankin roba mai kejin ƙarfe. Maganata a kan ruwa ce. Mafi yawanmu hanya ɗaya muka sani ta gyara ruwan kifi, wato a buɗe bututu a zubar, a zuba sabo. Mai tanki na lita 1,000 da ke canza rabin ruwansa kullum yana zubar da lita 500, jarka 20 ke nan ta lita 25. A wata biyar na kiwo ya zubar da lita 75,000. Ruwan nan ko dai an saye shi a hannun 'yan ga-ruwa, ko an ƙona mai an jawo shi daga rijiyar burtsatse, sannan ya ƙare a lambatun unguwa yana wari, sauro na hayayyafa a ciki, maƙwabta na ƙorafi. Abin yana ci mini rai, domin wannan baƙin ruwan taki ne, kuma ana iya tace shi a mayar wa kifin da kayan da ke kasuwanninmu.

Sai dai akwai wata fahimta da ta yaɗu wadda ke jawo wa mutane asara. Mutum zai ji an ce kainuwa na tsarkake ruwa, sai ya ɗebo ta cike da bokiti ya watsa a baho, ya haɗa da tankinsa, ya daina canza ruwa. Bayan kwana goma kifi ya fara tsayuwa a tsaye a saman ruwa, ya ƙi cin abinci, gashin bakinsa ya fara zaizayewa. Kainuwar ba ta yi laifi ba, an ɗora mata kayan da ba nata ba ne. Aikin tace ruwan kifi hawa uku ne: a fitar da kashi da ragowar abinci, ƙwayoyin bakteriya su sarrafa gubar da ta narke, daga nan ne tsiro ke shan abin da ya rage. Tsiro shi ne na ƙarshe a layi. Kuma girman kowane hawa ana auna shi ne da yawan abincin da ake zuba wa kifi a yini, ba da girman tanki ba.

Ga dalili. Kifi yana fitar da amoniya ta sassan numfashinsa, irin sinadarin nan da ke sa ɗakin kaji yaji a ido. Ba ta da launi, don haka ruwa zai iya zama garau kamar na sha alhali yana kashe kifi. Kilo ɗaya na abinci mai furotin kashi 40 cikin ɗari yana haifar da amoniya wajen giram 35. Akwai bakteriyar da ke zama a jikin duk wani abu mai danshi da iska, wani rukuni ya mayar da amoniyar zuwa naitirait, wadda ita ma guba ce, wani rukunin ya mayar da naitirait zuwa naitiret, wadda kifi ke iya jurewa kuma tsiro ke sha a matsayin taki. Sunayen biyu sun yi kama, amma tsakaninsu akwai rai da mutuwa, don haka a riƙe su da kyau. Waɗannan ƙwayoyi ba a cikin ruwa suke yawo ba, manne suke a jikin tsakuwa da bango da saiwa. Wanda ya gina matatar ruwan kifi gida yake gina musu.

Bari in ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe: tankin lita 1,000, tarwada 40 zuwa 50 da ake so su kai giram 800 zuwa kilo ɗaya, abincin da ba zai wuce giram 500 a yini ba ko a ƙarshen kiwo. Na san da yawa suna cusa 100 ko 150 a irin wannan tanki. Wanda yake son haka sai ya ninka duk abin da zan lissafa sau biyu ko uku, babu wata hanyar.

Tsarin gangara ne, inji ɗaya tak. A ɗora tankin kifi a kan bulo, ya fi komai tsayi. Ruwa ya fito daga cikinsa da kansa ya shiga duron kwantar da datti, daga nan ya zuba a kwamin tsakuwa, ya gangara kwamin tsire-tsire, ya taru a wata matattara da aka binne a ƙasa, sai ƙaramin sumo, wato injin tura ruwa da ake nutsarwa a ciki, ya ɗaga shi ya mayar wa kifi. Hikimar ajiye injin a ƙarshe ita ce tsabtataccen ruwa yake ja. Idan aka jefa shi cikin tankin kifi sai ya niƙe kashin ya zama kamar kunu, wanda ba ya kwanciya kuma ba ya tatuwa.

Bututun da ke fitar da ruwa daga tankin kifi shi ne abin da aka fi kuskurewa. Kashi a ƙasa yake kwanciya, saboda haka ramin da aka huda a saman tanki ruwa mai kyau kawai yake fitarwa ya bar dattin. A sa bututu mai faɗin inci biyu a tsaye cikin tankin, bakinsa na ƙasa ya kusa taɓa gindi, a bar tazarar da ba ta wuce kaurin yatsa ba ko a yi masa tsaga-tsaga yadda ɗan kifi ba zai shige ba. A samansa a sa mahaɗi mai baki uku, baki ɗaya ya fita ta jikin tankin daidai inda ake so ruwa ya tsaya, ɗayan ya kalli sama a buɗe. Wannan buɗaɗɗen bakin shi ke hana bututun zuƙe tankin ƙarƙaf. Ko an ɗauke wuta, ko bututu ya fashe a gaba, ruwan kifi ba zai sauka ƙasa da wannan layin ba.

Duron kwantar da datti shuɗin duron roba ne na lita 200. A tabbata ba wanda aka taɓa zuba maganin feshi ko wani sinadarin masana'anta ba ne. Wanda aka kawo kayan abinci a ciki ake nema. Duron ƙarfe yana tsatsa, kuma duk wani abu na jan ƙarfe ko kwanon rufi kada ya taɓa ruwan, guba ne ga kifi. Ruwa ya shigo wajen tsakiyar tsayin duron, a sa gwiwar bututu ta juya shi ya bi jikin bango yana kewayawa a hankali, ya fita ta sama. A gindin duron a sa makunni mai faɗi. Ruwan da ke gudu lita 1,000 a awa yana yin minti 12 a cikin wannan duro, kuma hakan ya isa mafi yawan kashin ya kwanta. Kowace safiya a buɗe makunnin ƙasa a fitar da lita 10 zuwa 20, har sai baƙin ya ƙare ruwa ya fara haske. Wannan aikin minti biyu shi ne rabin nasarar tsarin duka. Idan aka bar lakar ta kwana uku sai ta ruɓe, ta taso sama guntu-guntu da kumfa, ta koma amoniyar da ake gudu. A bakin fitar ruwan a rataya kwando cike da buhunan albasa ko tsohuwar komar masunta don ta kama ƙananan ɓarɓashi, a riƙa girgije ta duk bayan kwana biyu. Lakar da aka fitar a kai ta gindin ayaba ko zogale ko gwanda.

Kwamin tsakuwa shi ne zuciyar aikin, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Giram 500 na abinci yana ba da amoniya kamar giram 18 a yini. A matatar gida, wadda ba injin hura iska gare ta ba, kyakkyawan lissafi shi ne kowane murabba'in mita na jikin da bakteriya ke zaune ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na giram a yini. Ke nan ana bukatar fili kamar murabba'in mita 60. Ba filin ƙasa nake nufi ba, jikin duwatsun ne in an haɗa shi. Tsakuwar kwari mai girman rabin inci zuwa uku bisa huɗu, lita 1,000 nata na da jiki wajen murabba'in mita 150. Kwami mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin santimita 30 yana cin lita 600, ya ba da murabba'in mita 90. Ya isa har da rara. Kwatanta da murafen robar lemo da ake yawan cika duro da su: duro guda cike da su bai fi ya ba da murabba'in mita 10 zuwa 20 ba. Suna aiki, amma duro ɗaya ba zai ɗauki tankin nan ba, kuma nan ne da yawa ke faɗuwa ba su san dalili ba.

A gina kwamin da bulo a shimfiɗa tamfol, a ƙasa mai ƙarfi, domin tsakuwa lita 600 ta kusa tan guda. A wanke ta har sai ruwan wankin ya fita fari. Kafin a saya a matsa lemon tsami a kan 'yan ƙwayoyi. Idan suka yi kumfa dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ke da yawa a wajen Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe, kuma zai riƙa ɗaga pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, sama da yadda ake so, sai a nemi wata. Fasasshen jan bulo ma yana yi. Yashi kuwa a bar shi, sati biyu ya toshe. Gawayin girki gida ne mai kyau ga bakteriya in an wanke tokarsa, amma kada a ɗauka yana tsotse amoniya, ba ya yi. Alif ma haka, yana kwantar da laka ne kawai, gubar na nan.

Yadda ruwa ke ratsa tsakuwar ya fi irin tsakuwar muhimmanci. Ƙwayoyin nan masu shaƙar iska ne ƙwarai: kowane giram na amoniya yana cin iskar oksijin fiye da giram huɗu da rabi kafin ya zama naitiret. Saboda haka kada a nutsar da tsakuwar. A jera ƙananan bututu masu huji-huji a samanta, tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu, ruwa ya riƙa tsiyaya ko'ina, a sa mafitar a ƙasa yadda ruwan da ke kwance ba zai wuce santimita 10 ba. Sama ya zama danshi da iska, ƙasa ya zama ruwa mai tafiya.

Wannan ya kawo mu ga matsalar wuta, wadda ita ce ta bambanta mu da ƙasashen da aka tsara irin waɗannan matatu. Tarwada tana da wata gaɓa a bayan kanta da take shaƙar iskar sama da ita, shi ya sa take rayuwa a ruwan da karfasa za ta mutu cikin awa kaɗan. Wannan juriyar ce ke ruɗar mai kiwo. An ɗauke wuta tun dare, da safe ya ga kifinsa lafiya lau, ya ce ba komai. Amma matatar da ke nutse a ruwa ta shaƙe, bakteriyar kirki sun fara mutuwa, wasu masu rayuwa ba iska sun fara fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wuta na dawowa injin ya tura wannan ruwan kan kifi. Ruwa ba ya tsami banza. Tsakuwar da ba a nutsar ba tana riƙe danshi da iska, ƙwayoyinta su kai yini suna raye. Duk da haka, in injin ya tsaya fiye da awa biyar ko shida, a shinshina duron datti kafin a kunna. In akwai wannan warin a zubar da ruwan duron a lambu, kuma a hana kifi abinci ranar. Tarwada ba ta mutuwa don yunwar kwana biyu.

Injin da ake bukata ƙarami ne. Ana so ruwan tankin kifi ya zagaya sau ɗaya a awa, lita 1,000 ke nan. Adadin da ke rubuce a kwalin inji na ruwan da ba a ɗaga sama ba ne, don haka mai ɗaga ruwa mita ɗaya da rabi ya sayi wanda aka rubuta lita 2,000 zuwa 2,500. A gwada da jarka: ta lita 25 ta cika cikin minti ɗaya da rabi. Irin wannan inji yana cin wat 30 zuwa 40. Faifan sola na wat 300 da batir mai bolt 12 na amfiya 100 suna riƙe shi dare da rana, in an riƙa share ƙurar faifan, musamman da hunturu. Ruwan da ke komawa tankin kifi a bar shi ya faɗo daga sama ta bututu mai huji yana fantsama, yana ɗaukar iska. Matattarar ƙasa kuma ta kai lita 500, a riƙa barin rabinta a fili, domin in inji ya tsaya duk ruwan da ke hanya can zai gangaro.

Yanzu tsire-tsire. Littafin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2014 kan haɗa kiwon kifi da noman ganye a ruwa ya ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa: murabba'in mita ɗaya na ganye ga kowane giram 40 zuwa 50 na abincin kifi a yini. Giram 500 ke nan na neman murabba'in mita 10. A kwatanta wannan da bahon wanki guda. Kwamin tsakuwa ya ba da biyu, sauran takwas a yi kwami biyu na tamfol, kowanne mita 4 da mita 1, zurfin ruwa santimita 25. Waɗannan kwamin suna ƙara wa tsarin ruwa lita 2,000, wanda shi kansa kariya ne, domin guba na tsarmuwa a cikinsa kuma zafin ruwa ba ya saurin hawa da sauka.

Cikin tsakuwa a dasa gwaza, na'a-na'a, da jema ta fadama, wadda saiwarta ke da yawa kuma ba ta tsoron jiƙa. A kwamin ruwa kainuwa ce ta fi sauƙi, dashen Allah, ba ta neman komai sai rana da taki, kuma dogayen saiwoyinta suna kama ɓarɓashin da ya tsere wa duro. Mai son abin miya ya huda farin soson kwalin firji ko talabijin ya ɗora a ruwan, ya dasa latas da alayyahu a ƙananan kofunan roba masu huji. Akwai kuma 'yar mitsitsiyar nan mai ganye kamar ƙwayar dawa da ke rufe kududdufai kore shar, wadda masana ke kira Lemna. Tana shan amoniya kai tsaye, tana ninka kanta cikin kwana biyu zuwa huɗu, kuma busasshiyarta na da furotin da ke kai kashi 30 cikin ɗari ko fiye, kaji da agwagi da karfasa na cin ta. Azola, wani ƙaramin tsiron saman ruwa da ake ta tallatawa yanzu, abincin dabba ce mai kyau, amma a matsayin mai tace ruwan kifi ba ta kai waɗannan ba, domin tana samun sinadarin naitirojin ɗinta daga iska ta hanyar wata ƙwayar halitta da ke zaune cikin ganyenta, ba ta dogara da na ruwa ba. Ga shi kuma zafin bazararmu yana ƙona ta in ba inuwa.

Tsiro ba ya fitar da komai daga tsarin sai an cire shi. Kainuwar da aka bari ta cika kwami ta hau kan juna, na ƙasa su ruɓe, ta mayar wa ruwa duk abin da ta sha, kuma ta toshe iska. Duk mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku, a bar sarari a saman ruwa, a tsince matattun ganye. Abin da aka kwashe a zuba a ramin taki. Idan sabbin ganye suka fito rawaya jijiyoyinsu na kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma galibi pH ne ya hau sama da 7.5 ya hana tsiron shan sa. A fara gyara wannan kafin a sayi magani.

Ina jan kunne da babbar murya kan inda ake ɗebo tsiron. Kainuwar kududdufi na zuwa da dodon koɗi, wasunsu masu ɗauke da cutar tsargiya, da ƙwan ƙwari da matsattsaku. A sa safar hannu, a wanke saiwar sosai, a ajiye ta a wani baho daban mako biyu ana dubawa ana tsince duk abin da ya fito. Akwai kuma wani jinsin sauro, Mansonia, da tsutsarsa ke soka bakin numfashinta cikin saiwar kainuwa ta zauna a ɓoye, kuma yana cikin masu yaɗa tundurmi. Rage kainuwa duk mako, da barin ruwa na tafiya, da sakin 'yan ƙananan karfasa biyar ko shida a kwamin, suna rage wannan sosai. Sai dai kada a sa karfasa inda ake noman Lemna ko latas, za su cinye. Duman rafi yana kama da abin da zai yi kyau a nan, amma yana sa tumaki da awaki karkarwa in sun ci, kada a shigo da shi gidan da ke da dabbobi. Ita kuwa baƙuwar kainuwar nan mai kumburarren kara da fure shuɗi-shuɗi, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta shigo ruwan Legas a 1984 ta kuma kai har tafkin Kainji, gaskiya ta fi kowace shan datti, amma ban yarda a ɗauke ta daga wani ruwa zuwa wani gari ba. Ruwan sama ɗaya ya cika kwami ta bi lambatu ta isa rafi. Mutanen Hadeja da Nguru sun ga yadda kachalla ta toshe musu hanyoyin ruwa da gonaki da wuraren kamun kifi bayan madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun sauya tafiyar kogin. Tsiro ɗaya ya isa ya yi wannan ɓarna. A sa raga a duk mafitar ruwa, kuma abin da aka kwashe a shanya shi ya bushe kafin ya bar gida.

Sabuwar matata ba ta aiki ranar da aka gama ta. Bakteriya na ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su cika tsakuwar, fiye da haka da hunturu. A fara da 'ya'yan kifi 10 zuwa 15, abinci kaɗan. Bokiti ɗaya na tsakuwa daga matatar da ta riga ta kama, a gidan da kifinsa ke da lafiya, yana rage jiran. A makon farko zuwa na biyu amoniya za ta hau, sannan ta sauka naitirait ta hau, kuma wannan hawa na biyu shi ya fi kisa, domin yana hana jinin kifi ɗaukar iska. In ka buɗe murfin kunnensa sai ka ga wurin da ya kamata ya zama ja ya koma ruwan ƙasa. Maganinsa gishirin girki ne ɗan kaɗan, giram 100 ga kowace lita 1,000 ta ruwan tsarin. Ba irin kilo biyu ko uku da aka saba zubawa ba, wannan zai kashe kainuwa da ganye, kuma gishiri ba ya bin tururi ya fita, yana nan sai an zubar da ruwan.

A nan dole a sayi kayan gwajin ruwa, 'yan kwalaben ɗigo da takardar launi. Ido ba ya ganin amoniya. Abin da ake nema: amoniya ƙasa da miligiram 1 a lita, naitirait ƙasa da 1, naitiret kada ta wuce 150, pH tsakanin 6.5 da 7.5, zafin ruwa digiri 26 zuwa 30. In ɗaya daga biyun farko ya wuce, a tsayar da abinci, a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwa. Batun pH yana da sarƙaƙiya da ya kamata a gane. Amoniya iri biyu ce a ruwa, mai guba da mai sauƙi, kuma pH ne ke raba su. A zafin digiri 28, in pH na 7, mai gubar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba; a 8 ta kusa kashi 7; a 9 ta kai kashi 40. Shi ya sa tankin da ke rana, wanda ruwansa ya yi kore da gansakuka, yake kashe kifi da la'asar, lokacin da gansakukar ta ɗaga pH. A rufe tankin kifi da zana ko rumfa, farin tankin roba a naɗe shi da baƙar leda ko buhu, rana ta tsaya a kan tsire-tsire kawai. Sabon tankin siminti ma yana ɗaga pH, sai an jiƙa shi an zubar sau da yawa kafin a sa kifi.

Da tafiya ta yi nisa kuma akasin haka ke faruwa: aikin bakteriya yana sa ruwa tsami a hankali, pH ya sauka, in ya kai ƙasa da 6 su kansu su daina aiki. A rataya ƙaramin buhu na dakakken ɓawon ƙwai da aka wanke, ko ɓawon kawar da masu haɗa abincin kaji ke sayarwa, kilo biyu zuwa uku, a cikin matattara. Yana narkewa ne daidai yadda ruwan ke bukata. Kada a zuba kanwa ko toka ko farar ƙasa kai tsaye. Suna ɗaga pH farat ɗaya, amoniyar da ke kwance lafiya ta koma guba cikin minti kaɗan.

Abubuwa uku ke kashe matatar da ta riga ta kama. Na farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a ruwa da zarar kifi ya yi sanyi. Ba ya bambance mugu da nagari, kifin da ba shi da lafiya a ware shi a wani baho a yi masa magani can. Na biyu ruwan famfo mai kulorin, a bar shi ya kwana biyu a buɗe kafin a zuba, kuma kada a wanke tsakuwa ko raga da shi ko da sabulu, da ruwan tankin ake ɗauraye su, rabi yau rabi wani makon. Na uku hanjin kaji da jini da mushe da wasu ke ba tarwada don rage kuɗin abinci. Maiƙonsu yana lulluɓe tsakuwar ya toshe ta, wannan tsarin na abinci mai ƙwaya ne, wanda kifi zai cinye cikin minti 10 zuwa 15. Da hunturu, in ruwa ya sauka wajen digiri 20, kifi da bakteriya duk suna yin sanyi, a rage abinci da rabi, a rufe tanki da dare.

Kada kowa ya ɗauka an daina ƙara ruwa ke nan. Ko murabba'in mita goman nan ba sa shanye naitiret duka, ga gishirin da ke taruwa, ga tururi. A tsakiyar bazara ruwa mai zurfin kusan santimita ɗaya na iya tashi daga kwamin a yini, lita 100 ke nan. Haɗe da na duron datti da ɗan abin da za a ɗiba a ba lambu, a yi lissafin lita 100 zuwa 150 a yini, jarka huɗu zuwa shida a maimakon ashirin. Ruwan rijiyar burtsatse da za a ƙara a fantsama shi ko a bar shi ya sha iska tukuna, domin daga ƙasa yake fitowa ba oksijin.

Roƙona ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa, da NAERLS, cibiyar yaɗa ilimin aikin gona ta Zariya, da hukumomin bunƙasa aikin gona na jihohi irin su KNARDA ta Kano, shi ne su kafa irin wannan tsari ƙarami a inda mai kiwo zai je ya gani da idonsa ya auna bututu da hannunsa, su kuma buga bayaninsa da Hausa da zane. Masu sayar da abincin kifi su riƙa ajiye kayan gwajin amoniya da naitirait da pH kusa da buhunansu. Ƙungiyoyin masu kiwo na unguwa kuma su haɗa kuɗi su sayi saiti ɗaya, mutum biyar ko shida su riƙa karɓa-karɓa, kowa ya gwada ruwansa sau biyu a mako ya rubuta a littafi tare da nauyin abincin da ya zuba ranar.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani mai kiwon kifi,
Kano.